Ranar da Iya Ta Dafa Askar Gado

Ni ɗiyar wanzamai ce. A Ƙofar Sauri aka haife ni, a gidan da in ka shiga zaure ƙamshin sabulun salo da warin ƙaho ke fara yi maka sannu da zuwa. Ban yi boko ba, allo ma ban yi nisa ba, saboda haka kada a tambaye ni shekara. Abin da na sani, lokacin ne kuɗi suka shigo gari, aka bar cewa fam da sule aka koma naira, masu soro suka fara ɗora kwano, motocin siminti suna kwana a bakin ganuwa. Ina da kamar shekara tara, don na fara ɗaukar tulu amma ban fara kai shi gida cike ba.

Babanmu shi ne wanzamin unguwa, kuma a shekarun nan bai san hutu ba. Kowa ya samu abin yanka rago, kowa yana son a yi mashi ƙaho, suna kuwa ba a ɗaga shi. Ya sayi babur, yakan shiga gida biyar ko shida kafin hantsi. Mahaifiyarsa tana tare da mu. Iya muke ce mata, shi ma haka yake ce mata. Ita kuwa Magaji take ce mashi, don shi ya gaji zabirar kakanmu, wato jakar fatar da wanzami ke zuba kayan aikinsa.

A cikin zabirar akwai ƙahoni, akwai asaken aski, akwai kuma wata 'yar aska da ba ta wuce tsawon yatsa ba, bakinta ya sirance don tsufa. Kakanmu ya gaje ta wurin ubansa. An ce kwana bakwai aka yi ana shayar da ita magani, shi ya sa in ta yanka jini ba ya zuba da yawa. Sharaɗinta ɗaya ne: kada wuta ta taɓa ta, kada ruwan zafi ya taɓa ta, in ya taɓa maganin ya mutu. Da ita Baba ke yin duk aikin da yake tsoronsa, da ita kuma ake yi wa kowane jaririn gidanmu tsaga. Ni ma ga tabonta nan a gefen idona.

In an ci tuwo bayan magariba, mukan kewaye murhu, ni da ƙanena Sani da 'ya'yan maƙwabta biyu, Iya ta miƙe ƙafafunta ta ɗora mana tatsuniya. Ba ta gaggawa. Tana iya tsayawa a tsakiyar magana ta gyara itace, mu kuwa numfashi ya tsaya mana. In kura za ta yi magana, muryar Iya sai ta koma cikin ƙirji. Amma duk tsoron da ta ba mu, mun san ƙarshensa. Takan ce, “In na ce ƙurunƙus na ja ƙofa ke nan. Duk abin da ke ciki ƙarya ne, ba ya biyo ku ɗaki.” Shi ya sa ba ma tashi sai mun ji kalmar nan, ko da barci ya fara ɗaukar Sani.

A ƙarshen daminar nan Innarmu ta yi naƙuda mai tsawo, kwana biyu babu labari, har aka ɗauke ta a motar maƙwabcinmu zuwa asibiti. Iya ce ta bi ta. Allah ya sauke ta lafiya, aka samu namiji. Amma Iyar da ta tafi ba ita ta dawo ba. Ta bar yawan magana. In Baba ya rataye zabira a ƙusa, sai in ga tana kallonta kamar wadda ta ga maciji ya shiga rami tana jiran fitowarsa.

Rana ta huɗu, Baba yana cin abinci, ta zauna nesa da shi kaɗan ta ce, “Magaji, a asibitin nan na ga suna dafa almakashi.”

Baba ya yi dariya har ya ƙware. “Da kanwa ko da gishiri?”

“Da ruwa da wuta kawai. Wata nas ce, 'yar Kagoro, gajera mai saurin hannu. Duk ƙarfen da ya taɓa mace sai ta wanke shi, ta jefa a tukunya mai murfi. Na ce mata, ɗiyata, yunwa ce ta kai ku ga cin ƙarfe? Ta ce, a'a Mama, ciwo muke kashewa, yana hawa ƙarfe daga jikin wannan ya sauka a jikin wancan. Na ce ai kin wanke, ga shi yana ƙyalli. Ta ce, Mama, wanda ido ke gani shi na wanke, wanda ido ba ya gani sai ya tafasa.”

“Ƙarfen Nasara ke nan, Iya. Nasu ba a shayar da shi komai ba. Tamu kuwa tun kafin a haifi uban nas ɗin take yanka.”

“Na sani,” in ji Iya.

Rana ta shida, wato jajiberin suna, da la'asar aka kawo wani direban motar siminti, ƙafarsa ta kumbura kamar tulu, ba ya iya taka ta. A zaure Baba ya fasa mashi ita. Ni ina leƙe, Iya kuma ta dawo daga sayen kanwa ta tsaya a bakin ƙofa. Abin da ya fito daga ƙafar nan ba zan faɗa ba, kuna iya cin abinci anjima. Da askar gado ya yi aikin. Da ya gama sai ya tsoma ta a ruwan kasko, ya zaro tsummansa ya goge ta ciki da baya, ya ɗaga ta ya duba, ta yi ƙyalli, ya mayar cikin zabira. Gobe da safe ita za ta hau fuskar jaririnmu.

Na ga kanwar ta zube daga hannun Iya. Ba ta duƙa ta kwashe ba.

Da magariba matan da suka zo dakan suna suka watse. Inna ta yi wankan jego ta koma ɗaki da jariri, labule a sake. Garwashin ruwan wankan yana nan da sauran ƙarfi, sai Iya ta ɗauraye wata 'yar tukunya, ta zuba ruwa mai kyau, ta ɗora. Mun zaci kunun kanwa za ta dama. Baba ya shimfiɗa tabarma kusa da fitila, ya baje kayan zabira, yana wasa asake a dutse saboda aikin gobe. Har yau in na rufe ido ina jin ƙarar nan, shu, shu, shu.

“Ga ta nan,” in ji Iya, ba ta ƙarasa ba.

Muka ce ta zo mu ji ta.

“Za ku ji ta kuwa. Ku zauna da kyau, ta yau ba ta dariya ba ce.”

Ta ce a wani gari an yi wata magulmaciya. Ba mutum ba ce, ba aljana ba ce. Ba ta da ƙafa, a jaka ake yawo da ita gida gida. Bakinta ɗaya, siriri. Ba ta jin maganar da ake yi da harshe, maganar jini take ji. In ta shiga jikin mutum sai ta kasa kunne, duk abin da jikin nan ke ɓoyewa ta kwashe. A goge mata baki, ta yi lamo kamar ta manta. Da ta shiga jiki na gaba sai ta zazzage mashi duka.

“Sauro ne,” in ji Sani.

“Sauro a jaka? Kai dai kanka irin na ubanka, sai an ƙwanƙwasa.”

Muka yi dariya. Baba ma ya murmusa, bai ɗago ba.

Ta ce mai jakar nan mutumin kirki ne, matarsa kuma tana ji da shi, ita ke gyara mashi kayan aiki. Allah ya ba su ɗansu na fari, namiji, mai gashi kwance kamar an shafa mai. Ranar suna da asuba, kafin a taru, sai ga wani bafatake a kan jaki, ƙafarsa ta ruɓe, yana roƙo don Allah a taimake shi. Mai jaka ya tausaya, ya fito da magulmaciya, ta shiga ƙafar baƙo ta ji abin da ta ji. Ya aika da ita cikin gida don a goge ta. Matar ta tsoma ta a ruwa, ta goge ta da bakin zanenta, sabon zanen suna, ta ɗaga ta ta ga fuskarta a ciki. Ta miƙa ta da hannu biyu, tana murna. Da hantsi magulmaciya ta hau fuskar jaririn. A ranar kuma ta je wasu gidaje biyu da ake suna.

A nan na lura ƙarar dutse ta tsaya.

Iya ba ta kalli Baba ba. Wuta take kallo. Ta ce kwana biyu tsagar yaron ta yi ja. Kwana uku fuskar ta kumbura har idanun suka shige. Jikinsa kamar garwashi, ya ƙi nono, kukan ma ya koma kamar na mage a cikin rijiya. Aka yi rubutu, aka yi turare. Aka ji kuma 'ya'yan gidajen nan biyu su ma haka. Sai mutane suka zauna suka tambayi juna: wa ya shiga gidajen nan uku? Ba wanda ya tuna da jaka. Wa zai tuna da jaka? Sai aka tuna da wata tsohuwa mai sayar da daddawa, ba ta da kowa a garin, ta shiga barka a duka ukun, ta kuma ce kowane yaro kyakkyawa ne. Aka ce mayya ce. Aka jawo ta tsakar gida, aka tuɓe mata zane, aka sa ta tsallake yaron sau uku tana kuka tana rantsuwa. Uwar yaron tana tsaye, ita ce ma ta fi kowa ɗaga murya.

“Ya warke?” na tambaya. A tatsuniyoyin Iya, in an kama mugu yaro yakan tashi.

“Kwanansa goma sha ɗaya a duniya. Na gida na biyu ya bi shi. Na ukkun ya rayu da ido ɗaya. Tsohuwar kuwa ta ɗaure kayanta ta fita ta ƙofar gari, ba a sake jin ɗuriyarta ba. Magulmaciya ta koma jakarta. Tana nan har yau, ba ta manta komai ba.”

Ba ta ce ƙurunƙus ba. Ruwan tukunya ya fara ƙara. Muka jira, muka jira. Sani ya matso ya manne da ni.

Na ce, “Iya, ba ki ja ƙofa ba.”

“Wannan ba ta da ƙofa, Dije.” Ta ɗago kai ta dubi Baba. “Sunan yaron Isiyaku.”

Ban san Isiyaku ba, amma na ga fuskar Baba, sai na gane wannan ba tatsuniya ba ce. Mun san dai an ce Baba yana da wa da mayya ta cinye tun yana jariri. Ba wanda ya taɓa jin sunan a bakin Iya. Ɗan fari ne, kuma Iya irin matan da ne, ko mai irin sunan ya shigo gida sai dai ta ce “mai sunan nan”. Ga shi yau ta faɗa, a gaban jikoki, a gaban 'ya'yan maƙwabta, da bakinta.

“Ni na goge ta, Magaji. Da bakin zanena na goge ta. Shekara arba'in ina tsine wa Tasalla mai daddawa a cikin zuciyata, har a kan sallaya. Sai da na ga tukunyar yarinyar nan 'yar Kagoro, na kwana zaune a bakin gadon matarka ina jera abin ɗaya bayan ɗaya. Gida ukku. Tasalla ta shiga, gaskiya ne. Amma ba ita kaɗai ta shiga ba.”

Baba ya ture dutsen wasa aska gefe. Askar tana hannunsa. Can ya ce, da murya ƙasa ƙasa, “Iya, kwana ne ya ƙare.”

“Kwana na Allah ne, ban yi musu ba. Amma ta hannuna aka bi.”

“Yara nawa na yi wa da ita suka tashi lafiya? Ga Dije, ga Sani.”

“Da nawa suka kumbura aka ce iska ce? Ka ƙirga su? Ni ban ƙirga ba, don ban san ana ƙirgawa ba.” Ta tura itace cikin murhu. “Kai da kanka kake yin sakiya. Ƙarfen sakiya daga wuta yake fitowa ja. Ka taɓa ganin ya kai ciwon wani jikin wani?”

Ta nuna askar da ke hannunsa.

“Yau ta sha ƙafar direba, da idona na gani. Gobe ba za ta hau fuskar yaron nan da abin da ta ji ba. Ga ruwa ya tafasa.”

Baba ya ce, “Askar mahaifina ce, Iya. In ta shiga nan ta mutu. In na yanka jini ya ƙi tsayawa fa? A gaban mutane, ɗana?”

A lokacin na gane ba taurin kai ba ne. Tsoro ne. Mutumin da ke fasa ƙafa ba ya ko ƙifta ido, ga shi ya kasa sakin ɗan ƙarfen da bai wuce yatsa ba.

“Sai ka danne da auduga ka kira Allah,” in ji Iya, “yadda na ga suna yi.”

Sai muka ji murya daga bayan labule. Inna ce, wadda ba ta taɓa sa baki in Iya da Baba suna magana ba. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, “Malam, in ba za a dafa ba, a bar mani shi da gashinsa.”

Ba a taɓa jin irin wannan a gidan wanzamai ba, a ce ɗan wanzami ya wuce suna ba aski ba tsaga. Na zaci Baba zai yi faɗa. Sai ya dubi labulen, ya dubi uwarsa, ya dubi askar.

Iya ta miƙa hannu. “Ni na goge ta, ba ni in dafa ta.”

“A'a,” ya ce. “In za ta mutu, a hannuna za ta mutu.”

Ya ce in kawo sabulu. Ya wanke ta, ya wanke sauran, har da ƙahonin, yana bin lungu da tsinke yadda Iya ta ce ta ga nas ɗin tana yi. Sannan ya yi bisimilla ya sake su cikin tukunya ɗaya bayan ɗaya. Askar gado ce ta ƙarshe. Ni dai na rufe kunnuwana, na zaci za ta yi ƙara.

Ba ta yi ƙara ba. Abin da ya faru ya fi ƙara. Kayan da aka wanke yanzu da sabulu, suna ƙyalli, da ruwan ya juya su sai wani maiƙo ya taso, baƙi baƙi, ja ja, yana taruwa a gefen tukunya. Daga cikin ƙahonin ya fi fitowa, da inda aka naɗe ƙotar asake da fata. Wari ya tashi, irin na mahauta da rana tsaka. Ɗaya daga cikin 'ya'yan maƙwabta ta tashi da gudu ta yi waje. Baba ya duƙa da fitila yana kallo, bakinsa a buɗe.

“Wannan duk a ciki yake?” ya ce.

“Mutane ne,” in ji Iya. “Na ubanka da naka.”

Ta sa aka zubar da ruwan a rami, aka sake sabo, aka mayar. Ta ce sai ya yi tafasar da za ta dafa shinkafa, haka aka gaya mata. Ana cikin haka aka kira isha. Baba ya tafi masallaci ya bar zabira a kan tabarma, bakinta a wangale, ba komai a ciki. Ban taɓa ganinta haka ba. Kamar tsohuwar da haƙoranta suka zube.

Da ya dawo Iya ta tsiyaye ruwan a hankali. Baba ya zaro tsummansa zai goge, yadda hannunsa ya saba. Kafin ya kai, Iya ta fizge tsumman ta jefa a wuta.

“Ka dafa ta don ta manta, kuma za ka tuna mata?”

Aka bar su a cikin tukunyar suka bushe da zafinsu, aka rufe da murfi. Iya ta kai ta ɗakinta ta ajiye a gefen kanta. Daren nan ni da Sani tabarma ɗaya muka kwana, don ba a ja mana ƙofa ba.

Da safe aka taru a ƙofar gida. Mu a ciki mun san sunan da aka shirya, sunan kakanmu ne. Sai muka ji maroƙi ya ɗaga murya yana faɗin wani suna dabam, Isiyaku. Baba ne ya canza a kunnen liman. Matan gida suka dubi juna. Iya tana tuƙa tuwo, muciyar ta tsaya a hannunta ɗan lokaci, sannan ta ci gaba da tuƙi.

Da hantsi Baba ya shigo yin aikin. Ya wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu, Iya na tsaye a kansa da tukunya. Na ga gumi a goshinsa tun bai fara ba. Ya aske kan, ya ɗauki askar gado, ya yi bisimilla ya tsaga. Jini ya fito kamar yadda yake fitowa. Ya danne da auduga. Muka yi tsit, har matan da ba su san abin da ake ciki ba. Ya ɗaga audugar. Jinin ya tsaya kamar yadda yake tsayawa.

Baba ya dubi askar ya daɗe. Ban san abin da ya gani ba. Bai mayar da ita zabira ba, ya jefa ta a wani kwano dabam.

Amma Iya ba ta saki jiki ba. Kwana goma sha ɗaya, kullum da safe sai ta karɓi yaron ta kai shi hasken rana, ta duba tsagar, ta sa hanci ta shinshina, ta taɓa wuyansa da bayan hannu. Ran na goma sha biyu ɓawon ya faɗi, fatar ta fito sumul. Ta miƙa wa Inna shi, ta shiga ɗaki ta ja ƙyaure. Ranar ba ta ci abincin rana ba.

Labari ba ya kwana a unguwa. Kafin mako ya zagayo an sa wa Baba suna, Magaji mai farfesun aska. Wani mahauci abokinsa in ya hango shi a babur sai ya ce, “Wanzam, in ta dahu a ɗebo mani romo.” Baba yakan ce, “Kawo wuyanka in ɗanɗana maka naman.” Wasu tsofaffi suka bar kiransa, suka ce ya kashe maganin ubansa. Shi kansa ya yi ta ƙorafi da farko, yana cewa gida shida kafin hantsi, kowane gida sai ya tsaya girki? Iya ta ce, “Maƙeri ya mutu ne?” Ya je aka ƙera mashi asake da yawa. Kullum da yamma a dafa su a langa mai murfi, kowane mutum da tasa, wadda ta yi aiki ta koma wani kwano har sai ta sake shiga wuta. Haka ya yi har ƙarfinsa ya ƙare.

Iya kuwa ta shiga neman dangin Tasalla. Duk mai daddawar da ta shigo daga ƙauye sai ta tsayar da ita ta tambaya. Ba ta samu kowa ba. Ran Juma'a takan toya waina ta raba, in an ce sadakar wa, ta ce ta wata baiwar Allah da ta yi wa laifi. Tatsuniya ta ci gaba da yi mana, da kura da komai, tana jan ƙofa kamar da. Waccan dai ba ta sake yin ta ba, ba ta kuma rufe ta ba.

Yanzu ni ce Iya a gidan ɗana. Jikokina suna jin kunyar raka ni wurin allura, don sai na ce a ɓare takardar sabuwar allura a gabana, in ba haka ba in ɗaura zanena in tashi. Mai yankan farce ma ba ya son hanyar gidanmu. Da aka zo shekarun da rediyo ya shiga gargaɗin wanzamai kan ciwon da ke bin jini, ni ban ji sabon abu ba, na riga na ga tukunya.

Da ina yarinya na zaci abin tsoro a labarin nan shi ne maiƙon da ya taso. Sai da na haihu na gane ba shi ba ne. Abin tsoron shi ne hannun da ya miƙa askar hannun uwa ne, ta wanke, ta goge da sabon zanenta, ta duba ta ga tana ƙyalli. Ba ta yi ƙazanta ba, ba ta yi sakaci ba. Iyakar abin da ta sani ta yi. Da ta san wanda ya fi shi, tana iya yin shiru ta tafi da shi kabari, ba mai tuhumarta, Tasalla ta riga ta ɗauke mata kayan. Sai ta zaɓi ta tuɓe kanta a gaban jikokinta, yadda aka tuɓe waccan a gabanta, don fuskar wani jariri da ko sunansa ba a raɗa ba.

Isiyaku yana nan da ransa, furfura ta cika mashi gemu, tsagarsa siririya kamar an ja ta da zare. Iya ta yi shekara bakwai tana goyonsa tana tsokanarsa, Angona take ce mashi, ba ta sake faɗin sunan ba har ta koma ga Allah. Amma a gidan ana kiransa sau ashirin a yini, kuma duk lokacin da aka kira, ko me take yi, sai ta waiwaya.